Me Ke Sa Fentin Mota Yin Hazo Bayan An Shafa Masa Kaki?

Sau da yawa akan ga direban a-kori-kura ya ware ranar hutunsa cur domin gyara motarsa. Ya wanke ta tas, ya buɗe gwangwanin kakin mota da ya saya da tsada, ya shafe ta gaba da baya. Amma da rana ta haska ta, sai ya tarar fentin ya dushe, ya yi fari-fari kamar sararin sama a lokacin hunturu. A nan ne wasu kan fusata su ɗauko fetur ko soson ƙarfe su hau gurza, a ƙarshe garin neman gira a rasa ido, domin sabon fenti ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Alhali kuwa wannan hazo iri-iri ne, kowane iri da maganinsa, kuma sai an gano irin da ake fama da shi kafin a sake taɓa motar.

Sirrin ƙyalli

Ƙyalli ya dogara ne ga yadda haske ke komowa bayan ya faɗa a kan abu. Idan fuskar abin sumul take, hasken yakan komo ta hanya ɗaya, har mutum ya ga fuskarsa kamar a madubi. Idan kuwa tana da kaushi, sai hasken ya watse ta ko'ina, ido ya ga dishi-dishi. Ruwan tafki misali ne: yana kwance ana ganin itatuwa a cikinsa, iska na kaɗa shi hoton ya ɓace.

Kaushin da ke watsa haske ba sai hannu ya ji shi ba. Tsawon zangon hasken da ido ke gani bai wuce maikiron 0.4 zuwa 0.7 ba, shi kuwa maikiron ɗaya kashi ɗaya ne bisa dubu na milimita. Saboda haka ɗan tudu ko ɗan rami da ya kai wannan girma ya isa ya ɓata ƙyalli. Aikin kaki shi ne ya cike waɗannan ramuka, ya bar shimfiɗa siririya mai santsi.

Mashahurin kakin mota shi ne kanoba, wanda ake samu a ganyen wata itaciya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Barazil. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin santigirad, alhali kakin zuma yana narkewa tun daga wajen digiri 62. Saboda taurinsa, masana'antu sukan gauraya shi da mai da kuma wani ruwa dangin kananzir. Idan aka shafa, sai ruwan ya bi iska, kakin ya zauna.

Inda matsala take tasowa

Dalili na farko, kuma mafi yawa, shi ne cika kaki. Abin da ke manne wa fenti ɗan kaɗan ne ƙwarai. Sauran duk rara ce da dole a goge. Idan aka lafta shi, sama takan bushe ƙasa na ɗanye, sai tsumma ya riƙa jan maiƙo yana barin zane-zane. Haka kuma idan aka shafa a tsakiyar rana, lokacin da jikin baƙar mota kan iya kai digiri 70, ruwan yakan tashi nan take, kakin ya daskare gudaji-gudaji.

Dalili na biyu ƙura ce. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin ma'adinin kwaz, wato uwar yashi. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kwaz yana mataki na 7 cikin 10, wato ya fi ƙarfen wuƙa tauri, balle fenti. Duk wanda ya goga kaki a kan ƙura, to ya yi wa motarsa dubban ƙananan ƙarzuna da hannunsa.

Dalili na uku shi ne fentin da ya riga ya gaji. Hasken rana da iskar oksijin suna cin fuskar fenti a hankali har ta koma gari kamar alli. Kaki ba ya warkar da wannan, sai dai ya rufe shi a ƙarƙashinsa. Shi ma sabon fenti yana da nasa sharaɗi: masu yin fenti sukan ba da shawarar a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a sa masa kaki, domin ruwan da ke cikinsa ya gama fita.

Yadda ake ganowa da gyarawa

A kai motar inuwa, a bari ta huce, a wanke ta da ruwa mai yawa. Sai a zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu, a goge shi da alkohol irin na aisofurofil da aka tsinka da ruwa kashi uku. Idan hazon ya tafi, to rarar kaki ce kawai, kuma gyaranta mai sauƙi ne: a ɗan fesa ruwa, a goge da tsumma mai laushi, ana juya shi zuwa gefe mai tsabta. Idan ta ƙi, a shafa sabon kaki ɗan kaɗan a goge nan take, domin ruwan da ke cikin sabon yana narkar da tsohon.

Idan hazon bai tafi ba, a haska wurin da tocila. Ganin zane-zane masu kewaye kamar saƙar gizo alama ce ta ƙarzuna. Idan kuma launin mota ya fito a tsumma, to fenti ne mai shafi ɗaya da rana ta cinye. Dukansu biyu suna bukatar man goge fenti mai ɗauke da gari mai laushi ƙwarai, wanda ke rage fuskar har ta daidaita. Sai dai a yi hattara. A yawancin motocin zamani, shafi na sama mai garau da ke kare launi bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin gashin kai ba, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Idan kuwa wannan shafi ya fara fari-fat yana ɓarewa, to babu kaki ko man da zai cece shi, sai wurin mai fenti.

Bayan gyara, a sake shafa kaki siriri a inuwa. Kafin gogewa a ja yatsa a kai: idan layin ya fito garau, lokaci ya yi, idan ya yi maiƙo, a ƙara jira.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan duka a aji. A samo ƙananan madubai biyu, a goga wa kowane kyandir. A bar ɗaya haka, a goge ɗayan sosai da tsumma, sannan a haska su da tocila ta yadda hasken zai faɗa a bango. Ɗalibai su kwatanta abin da suka gani, su bayyana dalili da kansu.