Cokali ɗaya ba ya ɗanɗana gari: yadda masu bincike ke ɗebo samfurin ƙasa da jini

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya yarda da bakin buhu. Sai ya soka ƙarfe a gindi, ya soka a tsakiya, ya zuba ƙwayar a tafin hannu ya duba, domin ya san mai kyau ake ɗorawa a sama. Uwargida kuwa ba ta ɗanɗana miya sai ta juya tukunyar. Ko sun sani ko ba su sani ba, dukansu aikin masana ƙididdiga suke yi, wato ɗebo kaɗan don a san halin mai yawa. Wahalar mai binciken muhalli ita ce ƙasar gari ba ta juyuwa da ludayi. Guba takan taru a lungu ɗaya, taki goma daga nan kuma ka tarar da ƙasa lafiya lau.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka lura yara ƙanana na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Agwagi ma tuni suka fara ƙarewa a garuruwan, ba wanda ya kawo komai a ransa. Ashe dutsen zinariyar da ake kawowa gida a daka a turmi, a niƙa a injin gari, a shanya a tsakar gida, cike yake da dalma. Yara wajen 400 suka rasu.

Da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka iso, sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suka gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Cikin waɗanda aka ɗebi jininsu, kashi 97 cikin ɗari dalmar jikinsu ta kai ma'auni 45 ko fiye, matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita. Amma a lura da abu biyu. Jinin rayayyu kaɗai aka auna. Waɗanda gubar ta fi yi wa illa suna maƙabarta, ba su shiga lissafi ba. Sannan ƙaramar na'urar da ake awon jinin da ita a filin daga iyakarta 65 ce, abin da ya haura nan sai kawai ta nuna ya yi yawa. Yaro mai 70 da mai 300 duk amsa ɗaya take ba su. Wanda ya tattara irin waɗannan alƙaluma ya fitar da matsakaici, ya rage wa bala'in girma ba da niyya ba. Shi ya sa aka riƙa sirka jinin a sake aunawa, wani kuma a aika da shi ɗakin gwaji a ƙasar waje.

Shi kansa matsakaicin abin a yi hattara da shi ne. Mu ƙaddara gida goma a unguwa ɗaya: tara awon dalmar ƙasarsu 200, na goma inda injin niƙa yake 20,000. In aka haɗa aka raba goma, 2,180 za a samu, adadin da babu shi a gida ko ɗaya. In kuma aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 200 za a samu, a ce unguwa lafiya, alhali ga gida ɗaya yana cin 'ya'yansa. A lokacin, ƙa'idar Amurka ga ƙasar da yara ke wasa a kanta ita ce kashi 400 cikin miliyan. A Zamfara an sami wuraren da suka haura 100,000. Rahoton da ya ba ka lamba ɗaya tal ga gari guda, bai faɗi mafi ƙanƙanta da mafi girma ba, a ganina rabin rahoto ne.

To ina za a ɗebo ƙasar? Gida ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɗakin kwana, akwai tsakar gida, akwai gindin turmi, akwai bakin rijiya, a waje kuma ga dandali da kududdufin da ake wanke garin dutse. Kowanne sai an ware shi an auna shi daban. Kuma saman ƙasar ake nema, inda yaro mai rarrafe yake dafawa ya kai hannu baki. Wanda ya haƙa kamu biyu ya gauraya, ya sirka gubar da ƙasa mai tsabta ke nan. Na'urar hannu da ake kira XRF, wadda ake ɗora wa ƙasa ta ba da amsa cikin ɗan lokaci, ta sa aka iya auna wurare da yawa a rana ɗaya. Da wannan awon aka san inda za a kankare saman ƙasa wajen santimita biyar, a kwashe a binne, a shimfiɗa sabuwa.

Sai babbar tambaya: ƙauyuka nawa ne abin ya shafa? A ƙarshen 2010 masu bincike sun bi salon tambayar mutanen gari su nuna wani garin da ake sarrafa dutsen, can ma a nuna na gaba. Dabara ce mai kyau in ana gaggawar ceton rai, don kai tsaye take kai mutum inda wutar take ci. Sai dai ba za ta gaya maka kashi nawa na yaran yankin suka kamu ba, tunda da gangan aka nufi wuraren da ake zargi. Wannan amsar sai da ƙuri'a, yadda kowane ƙauye da kowane gida zai iya faɗowa, na bakin titi da wanda sai an tsallake rafi. A 2012 an koma an yi bincike irin wannan a yankin. Ƙuri'a ita ke hana mai bincike bin son jikinsa, ko bin gidan da aka fi yi masa maraba.

Yawan samfur ma da ƙa'idarsa. Mutum 400 da aka zaɓa da ƙuri'a suna ba da amsar da kuskurenta ba ya cika wuce kashi biyar sama ko ƙasa. In ana son rage kuskuren da rabi, sai an ninka su sau huɗu. Amma yara goma daga gida ɗaya ba su kai goma daga gidaje goma ba, don ƙura ɗaya suke shaƙa.

A can Zamfara kuwa, Bagega, mafi girma cikin garuruwan da abin ya shafa, ba a kankare ƙasarta ba sai 2013, bayan dogon jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya, kuma likitoci ba sa fara magani sai an tsabtace inda yaro zai koma. A 2015 irin wannan guba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Can ma ba awon ƙasa ne ya fara tona ta ba, mutuwar yaran ce.