Idan aka sayar da kamfanin da ya ba ku lasisin manhaja: abin da ya kamata ku sani

A ranar 22 ga Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom na Amurka ya kammala sayen VMware a kan kusan dala biliyan 69, idan an haɗa da bashin da ya gada. Ba a yi wata guda ba, a ranar 11 ga Disamba, sabon mai kayan ya sanar cewa ya daina sayar da lasisin dindindin. Daga ranar, duk mai son manhajar sai dai ya yi haya, ya riƙa sabuntawa. Bankuna da jami'o'i da asibitoci da ma'aikatun gwamnati a faɗin duniya sun wayi gari da sababbin sharuɗɗa a kan kayan da suka ɗauka nasu ne. Wannan bayani na shugabannin makarantu ne da ma'aji da jami'an sayen kaya, da duk wanda takardar sabunta lasisi za ta iya sauka a teburinsa.

Wace irin manhaja ake magana a kai?

Shafin da ɗalibi ke biyan kuɗin makaranta ko duba sakamako yana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta da ake kira sabar. A da, kowane aiki da tasa sabar. VMware, wanda aka kafa a 1998, ya yi suna ne da dabarar raba sabar ɗaya ta zama tamkar kwamfutoci goma ko ashirin, kowacce na aikinta ba ruwanta da 'yar'uwarta. Wannan ya rage kuɗin sayen na'ura da na wuta da na sanyaya ɗaki.

Daga baya aka samu wata dabarar da ta fi sauƙi, wato kwantena. Ana ɗaure manhaja tare da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, ta yadda za a iya ɗauke ta daga wannan sabar zuwa waccan ta ci gaba da aiki. Docker ne ya yaɗa dabarar daga 2013. A 2014 Google ya fitar da Kubernetes, manhajar da ke kula da kwantenoni masu yawa a lokaci guda: idan ɗaya ta mutu ta tayar da wata, idan jama'a suka yi cincirindo ranar rufe rajista ta ƙara yawansu.

Kubernetes kyauta ce, amma sarrafa ta sai gwani. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa ta da kayan tsaro da na sa ido da kuma alƙawarin kawo ɗauki idan ta lalace, su sayar da lasisi. Fitattu a cikinsu su ne Tanzu na VMware, da OpenShift na Red Hat, da Rancher. Dukansu ukun sun sauya hannu: IBM ya sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34, SUSE ya sayi Rancher a 2020, Tanzu kuma ya bi VMware zuwa Broadcom.

Me ya sauya bayan cinikin VMware?

Abu na farko shi ne haya a madadin mallaka. Wanda ya riga ya sayi lasisin dindindin yana da ikon ci gaba da amfani da abin da ya saya, amma idan wa'adin kulawarsa ya ƙare ba za a sabunta masa ba. Manhajar da ba ta samun facin tsaro kuwa ƙofa ce a buɗe ga masu kutse.

Na biyu, an tattara kayayyaki sama da 160 aka mai da su ƙunshi kaɗan, babbansu shi ne VMware Cloud Foundation. Mai buƙatar abu ɗaya ko biyu yanzu sai ya biya kuɗin ƙunshin gaba ɗaya, har da abubuwan da ba zai taɓa kunnawa ba.

Na uku shi ne yadda ake lissafi. Kowace furosesa, wato ƙwaƙwalwar sabar, tana da ƙananan ƙwayoyin aiki a cikinta. Yanzu da ƙwaya ake ƙirga kuɗin, kuma kowace furosesa ana ɗaukarta a matsayin mai ƙwaya 16 ko da ba ta kai ba. Sabar mai furosesa biyu, kowacce da ƙwaya 8, tana da 16 a zahiri, amma kuɗin 32 za a biya. Wannan ya fi cutar da ƙananan cibiyoyi masu tsofaffin na'urori.

Na huɗu, a farkon 2024 Broadcom ya soke yarjejeniyar dillalansa, ya sake gayyatar waɗanda ya zaɓa. Wasu masu saye sun tarar dillalin da suka saba da shi shekara da shekaru ba shi da ikon ba su farashi. An kuma sayar da wani sashe na VMware ga kamfanin KKR, ya koma Omnissa, don haka wasu kayan sun sauya ubangida sau biyu cikin shekara guda.

Shi ma Broadcom yana da tasa hujjar. Shugabansa, Hock Tan, ya ce an sauƙaƙa tsarin ne, kuma kamfanin ya ce ya rage rabin farashin babban ƙunshin. Ga wanda dama yake amfani da dukan kayan, hakan na iya zama riba. Matsalar ita ce yawancin masu saye ba haka suke ba.

Ina ruwan mutumin Wudil?

Wudil na da manyan makarantu biyu: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, da Makarantar Horas da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Najeriya. Makarantu irin waɗannan ba sa rabuwa da shafin neman gurbi da na rajista da na sakamako da na albashi. Ko da makaranta ba ta taɓa sa hannu a takardar wani kamfanin waje ba, ɗan kwangilar da ke riƙe mata shafi yana hayar sabar a wani wuri, kuma mai wurin yana biyan lasisi. Idan kuɗin ya tashi a can, zai gangaro har kan takardar biyan kuɗin ɗalibi. Haka abin yake ga bankin da mai POS a bakin kasuwar shanu ta Kara ke dogaro da shi, da cibiyoyin adana bayanai irin wadda Galaxy Backbone ta buɗe a Kano a farkon 2023.

A gare mu kuma akwai ƙarin nauyi, domin da dala ake sa farashin. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki darajar naira a watan Yuni, sai ga ta ta haura 1,500 a 2024. Ke nan ko kamfani bai ƙara ko sisi ba, lasisin ya ninka sau uku a aljihun ɗan Najeriya. Ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kai. Kasafin kuɗin hukuma kuwa sau ɗaya ake yinsa a shekara, kuma da naira.

Yaya manyan masu saye suka yi?

Kamfanin sadarwa na AT&T ya kai Broadcom kotu a New York a watan Agustan 2024. Ya ce yarjejeniyarsa ta ba shi damar sabunta kulawa, kuma tayin da aka yi masa ƙari ne na kashi 1,050 cikin 100. Sun sasanta kafin ƙarshen shekarar ba tare da bayyana sharuɗɗan ba. A Holan, wata kotu a birnin Hague ta umarci Broadcom a watan Yunin 2025 da ya ci gaba da kula da manhajar hukumar Rijkswaterstaat, mai lura da hanyoyi da magudanan ruwa, har tsawon shekara biyu, domin ta samu ta yi ƙaura a tsanake. A Ingila kantin Tesco ya shigar da ƙara a 2025 yana neman aƙalla fam miliyan 100.

Abin lura a nan shi ne dukansu sun dogara ne da abin da ke rubuce a tsohuwar yarjejeniya da kuma shirin da suka yi na barin manhajar. Makarantar jiha ko asibiti ba su da kuɗin shari'a a ƙetare, amma waɗannan makamai biyu kowa na iya tanadarsu.

Me za a yi kafin a zauna ciniki?

A fara da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata a soma shiri shekara guda kafin wa'adi ya cika, musamman a hukumar gwamnati, inda dokar sayen kaya ta 2007 da makamantanta na jihohi suka shimfiɗa matakai masu cin lokaci, kuma hukumomin tarayya sai sun samu amincewar hukumar NITDA a kan ayyukan fasahar sadarwa.

A nemo tsohuwar yarjejeniya a karanta. A duba ko lasisin na dindindin ne ko na haya, ranar da kulawa za ta ƙare, ko akwai damar sabuntawa a kan farashin da aka sani, da kuma kotun ƙasar da za ta saurari saɓani. Sau da yawa takardar tana hannun dillali ko ma'aikacin da ya bar aiki.

A ƙirga abin da ake da shi: sabar nawa, furosesa nawa, ƙwaya nawa, kuma nawa ne ke aiki da gaske. A kusan kowane ɗakin sabar akwai ayyukan gwaji da aka manta da su a kunne. Idan aka kashe su, aka tattara sauran a kan na'urori kaɗan, adadin da za a biya zai ragu tun kafin a buɗe baki. Ƙirgar tana kuma kare mutum idan kamfani ya aiko da masu bincike. A 2025 Broadcom ya aika wa masu lasisin dindindin da kulawarsu ta ƙare wasiƙun gargaɗi a kan sa facin da ba su biya ba, ya kuma kai reshen Siemens na Amurka ƙara a kan zargin amfani da manhaja fiye da lasisi.

Sai a nemi farashi daga wani wuri, kuma a yi gwaji na gaske. Duk wanda ya san Kara ranar Juma'a ya san bambancin masu saye biyu. Wanda motarsa ke jira a cika ta kama hanyar Kudu kafin magariba, in ya taya aka ce masa albarka, dole ya ƙara. Wanda ya riga ya ga wani bijimin a gaba kuwa, yana juya baya ake kiransa a sallama masa. Dillalin manhaja ma yana gane wanda ya ɗora wani aikinsa a kan wata manhajar daban irin su Proxmox ko Nutanix ko Hyper-V ko Kubernetes zalla ya ga yana tafiya, da wanda ke barazanar baki kawai.

Me za a nema a rubuce?

Iyakar ƙarin farashi a sabuntawa ta gaba. Rangwamen shekarar farko ba shi da amfani idan ba a ɗaure abin da zai biyo baya ba.

Biya shekara-shekara ko da yarjejeniyar ta shekara uku ce, kuma da naira ta hannun dillali na gida in zai yiwu, tare da fayyace farashin canjin da za a bi. Idan kuɗin waje za a tura kai tsaye, a tuna cewa yarjejeniyar lasisin manhaja tana buƙatar rajista a hukumar NOTAP kafin a samu canji ta hanyar hukuma.

Damar rage adadi idan an rage na'urori, da damar ɗaukar lasisi zuwa wata sabar ko wata cibiyar adana bayanai.

Sharaɗin abin da zai faru idan aka sake sayar da kamfanin ko aka daina wani kaya, da wa'adin kulawa na wucin gadi ga mai shirin ƙaura.

Ƙa'idar bincike: sanarwa kafin a zo, sau nawa a shekara, da lokacin gyara kafin tara.

Tabbacin cewa bayanan ɗalibai ko majinyata za su fita a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakinsu a kan hukumar da ta tattara su.

Alƙawarin baki na wakilin talla ba ya cikin lissafi, domin bayan an sayi kamfani su ne ake fara sauyawa.

Shin ƙaura ce mafita?

Wani lokaci ita ce, amma tana da nata kuɗin. Sai an horar da ma'aikata, a riƙe tsoho da sabo tare na wasu watanni, a kuma jure tangarɗa. 'Yan Najeriya sun ɗanɗana a 2024 lokacin da bankunan Sterling da Zenith da GTBank suka sauya babbar manhajarsu, abokan hulɗa suka yi kwanaki suna fama da tura kuɗi. Makaranta ba za ta yi irin wannan aiki a makon rajista ko na jarrabawa ba.

Kuma ana iya gudun gara a faɗa gidan zago. Bayan IBM ya sayi Red Hat, a ƙarshen 2020 aka sanar da tsayar da CentOS 8, manhajar kyauta da dubban cibiyoyi suka dogara da ita, shekaru takwas kafin wa'adin da aka sa mata. A 2025 Broadcom ya taƙaita kwantenonin Bitnami da masu haɗa manhaja suka saba ɗauka kyauta. Ba wani kamfani da ya fi ƙarfin a saye shi.

Don haka abin da ya fi muhimmanci shi ne a gina aiki yadda zai ɗauku: a tsaya a kan Kubernetes na gama-gari, a rage dogaro da abubuwan da kamfani ɗaya kaɗai ke da su, a rubuta yadda aka haɗa komai. Hakan na buƙatar mutane fiye da na'ura. Garin da ke da jami'ar fasaha yana yaye matasan da za su iya koyon wannan aiki, kuma albashin ƙwararru biyu ko uku da naira ake biyansa. Hukumar da ke da su, ta san adadin ƙwayoyinta, ta kuma karanta yarjejeniyarta, tana iya zama da kowane dillali ta ce farashin bai yi mata ba.