Katako, Ƙarfe da Igiyar Fata: Takalmin Zamiya na Ɗaurawa

Lardin Firislan da ke arewacin ƙasar Holan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ruwa ta ko'ina: tafkuna, fadamu da hanyoyin ruwa da mutane suka haƙa da hannunsu. Kafin zuwan kwalta da mota, idan hunturu ya kankama hanyoyin ƙasa kan koma taɓo, jiragen ruwa kuma su tsaya cik saboda ruwan ya daskare. A lokacin ne manomi zai sauko da wasu 'yan katakai biyu daga inda ya rataye su tun bara, kowanne da siririn ƙarfe a ƙasansa, ya ɗaura su a ƙarƙashin takalminsa na kullum, ya hau kan ƙanƙara ya nufi kasuwa ko gidan dangi. Tafiyar da za ta cinye masa wuni a ƙafa sai ya yi ta kafin azahar.

Wanda bai san abin ba zai zaci wahalar ƙera shi tana wajen sa shi ya yi santsi. Ina! Ƙanƙara ta riga ta ɗauke wa maƙeri wannan nauyi, domin samanta kullum akwai wani siririn shafi mai kama da ruwa, gogayyar ƙarfen kuma tana ƙara narkar da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a haɗa ƙafar mutum, mai laushi da lanƙwasa, da ƙarfen da ba ya lanƙwasa, har su zama abu guda. Ɗaruruwan shekaru masu sana'ar suka yi suna kokawa da wannan mahaɗa.

Da ƙashi aka fara. Mutanen arewacin Turai kan ɗauki ƙashin ƙwaurin doki ko na sa, su goge gefe ɗaya ya yi sumul, wani lokaci su huda shi gaba da baya don zura igiya. An tono irinsu da yawa a birnin York na Ingila da Birka ta Suwidin, daga zamanin 'yan Viking. A shekarun 1170 wani magatakarda, William FitzStephen, ya ba da labarin samarin Landan da ke ɗaura ƙasusuwa a ƙafa suna tsere a kan daskararriyar fadama a arewacin ganuwar birnin. Sai dai ƙashi ba shi da kaifi, ba ya cizon ƙanƙara, don haka ba a iya turawa da ƙafa. Mutum tsayawa yake a kai, ya riƙa tunkuɗa kansa da sanda mai tsinin ƙarfe, kamar yadda mai kwalekwale ke tura jirginsa da gora. Tunda ƙafa ba ta aikin komai sai tsayuwa, ɗaurin ma ba ya bukatar ƙarfi.

Ƙarfe ne ya canza lissafin. Wajen ƙarni na 13 mutanen Holan suka fara kafa ƙarfe mai kaifi a cikin katako. Kaifin yana zamewa gaba salin-alin, amma idan aka danna shi ta gefe sai ya kama ƙanƙara ya ƙi motsi. Da haka mutum ya yar da sanda, ya koma tura ƙafar dama gefe yana zamewa a kan ta hagu, sannan ya sauya. Amma fa duk ƙarfin cinyarsa yanzu ta cikin maɗaurin nan zai bi kafin ya isa ƙarfen, kuma ta gefe yake bi, wato ta inda ɗauri ya fi rauni.

Mu dubi irin wanda 'yan Firislan suka shahara da shi, wanda suke kira doorloper. Sana'a uku ce ke haɗuwa a jikinsa. Kafinta ya sassaƙa katako mai tauri daidai tsawon tafin ƙafa, mai ɗan faɗi wajen yatsu, tsukakke a tsakiya, ya tsaga masa kwari a ƙasa daga gaba har baya, ya kuma huda ramuka a kwance inda fata za ta ratsa. Maƙeri ya buga ƙarfen, kaurinsa 'yan milimita kaɗan, ya fitar masa da ƙugiya a gaba wadda za ta maƙale cikin katakon, a baya kuma a ɗaure shi da sukuru ta wajen dunduniya. Hancin ƙarfen ana tanƙwara shi sama don kada ya soki tsaga ko ciyawar da ta daskare cikin ruwa, mai shi ya kife. A wasu yankunan Holan har naɗe hancin ake yi ya zama ƙawanya, wanda rabinsa amfani ne, rabinsa kwalliya. Sannan baduku ya kawo nasa: fata ɗaya da ke rungumar yatsu, wata da ke zagaye dunduniya, da doguwar igiya da ake giciyawa a kan ƙafa a ƙulle.

Abu biyu ne a wannan ƙira suka fi burge ni. Na farko, gajartarta. Ƙafa tana kusa da ƙanƙara ƙwarai, kuma da gangan ne, domin takalmin manomi ba ya tallafar idon sawu. Duk ƙarin tsawo tsakanin tafin ƙafa da kaifi ƙarin ƙarfi ne ga abin da ke neman murɗe ƙafar. Na biyu, gindin ƙarfen ba miƙaƙƙe ba ne sak. Yana da ɗan doro da ido da ƙyar ke gani, yadda tsakiyarsa kaɗai ke taɓa ƙanƙara a lokaci guda. Doron ya yi yawa, takalmi ya riƙa rawa. Ya yi kaɗan, kwana ta gagara. Tsofaffin ƙirar Firislan ƙarfensu a ƙarƙashin dunduniya yake ƙarewa, abin da ke ba mutum damar ɗaga yatsu ya taka birki da wutsiyarsa. Daga baya aka zarce da shi har bayan dunduniya, aka samu doguwar zamiya da natsuwa, aka rage sauƙin tsayawa.

To, ga matsalar fata. Idan ta jiƙe sai ta saki, katakon ya goce daga ƙarƙashin ƙafa, mutum ya ga yana taka gefen takalminsa. Idan aka tamke ta sosai kuma, jini ya daina isa yatsu, a cikin sanyin da ya daskarar da kogi. Shi ya sa mai tafiya mai nisa kan durƙusa lokaci-lokaci, hannu na karkarwa, yana sake ɗauri. Mutanen fadamun gabashin Ingila sun nemi mafita da ƙarfi da yaji: suka kafa sukuru a bayan katakon wanda ake murɗawa cikin dunduniyar takalmi, da ƙananan ƙusoshi uku a gaba masu kama tafinsa, fata ta zama mataimakiya kawai. Yana riƙewa, amma takalmin ne ke shan wuya. A shekarun 1860 kamfanin Starr da ke Dartmouth a Kanada ya fito da Acme, ƙirar John Forbes, ƙarfe zalla mai muƙamuƙai da ke damƙe gefen takalmi da jan hannu guda. Ya karɓu a ƙasashe da dama, sai dai yana bukatar takalmi mai taurin ƙasa. Daga shekarun 1880 'yan tseren Norwe suka yanke gardamar, suka manne ƙarfe da takalmin dindindin.

Duk da haka na katako bai mutu nan take ba, kuma dalilin a aljihu yake. Ba sai ka sayi takalmi na musamman ba. Guda biyu za su zagaya 'yan gida, ƙane ya gaji wa. Masana'antar Nooitgedagt, wadda aka kafa a garin IJlst a 1865, ta daɗe tana fitar da su tare da kayan aikin kafinta. IJlst ɗin ma ɗaya ce daga cikin garuruwa goma sha ɗaya da gasar Elfstedentocht ke ratsawa, tafiyar kusan kilomita 200 da aka fara a hukumance a 1909, lokacin da katako da fata ne a ƙafar masu shiga. Sau 15 kacal aka yi ta, na ƙarshe a Janairun 1997, domin sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15 ake bari a hau.

A Suwidin da Finlan kuwa ƙirar ɗaurawa ta dawo da ƙarfinta, ba don arha ba. Masu yawo a kan tafkuna da gaɓar tekun Baltik sukan sauka daga wannan tafki su taka cikin daji zuwa na gaba, don haka suna bukatar abin da za su cire cikin daƙiƙu kaɗan. Nasu ƙarfen ya kan kai rabin mita, kaurinsa bai fi milimita ɗaya da rabi ba, a kafe cikin sandar alminiyon maimakon katako. Maɗaurin kuma daga wajen masu gudun dusar ƙanƙara aka aro shi: wani ƙarfe ne a hancin takalmi da ke faɗawa cikin makama ya kulle, dunduniya a sake. Ƙafa na iya ɗagawa a ƙarshen kowane turi alhali kaifin yana nan manne da ƙanƙara, dabarar da 'yan tseren duniya su ma suka runguma tun wajen gasar Olamfik ta Nagano a 1998.