JIRGIN LILO: TSORON DA AKE BIYAN KUƊI A SAYA

Daga Wakilinmu a Argungu

Duk yaron da ya tashi a Augie ko wani gari na bakin Gulbin Rima ya san daɗin lilo. Ana ɗaura igiya a reshen itace, a zauna a kan ƙulli, abokan wasa su yi ta turawa har mutum ya ji cikinsa ya yi wani irin zuuu. Wanda ya fi ƙarfin hali kuwa yakan hau gaɓa mai tsawo ya yi tsalle ya faɗa ruwa lokacin da gulbi ya kawo. Wannan faɗuwar gaba mai haɗe da murna ita ce Turawa suka mayar sana'a, suka gina mata jirgi na musamman a wuraren shaƙatawa, watau jirgin lilo, mai gudu a kan dogo, ya hau tudu, ya gangara, wani lokaci ma ya juya da mutane kai ƙasa.

Ɗalibanmu da ma'aikata masu zuwa Abuja sun san filin wasa na Wonderland da aka buɗe a 2007 kusa da babban filin wasanni na ƙasa, wanda daga baya aka sake masa suna Magicland. Haka nan a manyan garuruwan Arewa, da Sallah ta zo sai ka ga iyaye sun kwashi 'ya'ya zuwa inda aka kafa injinan lilo iri iri. Saboda haka ya kamata masu karatu su san asalin abin, da yadda yake aiki, da inda haɗarinsa yake.

ASALINSA

A ƙasar Rasha aka fara, tun cikin ƙarni na 17. Lokacin sanyi mutane kan gina tudun katako, su zuba masa ruwa ya daskare, sa'an nan su sulalo daga bisa. Faransawa suka ɗauki dabarar, suka sa wa kekunan ƙafafu, aka kafa irinsu a Faris a 1817. Shi ya sa har yau a harshen Faransanci sunan wannan jirgi duwatsun Rasha.

A Amurka kuwa hanyar jirgin kwal ce ta nuna musu hanya. A Mauch Chunk cikin jihar Pennsylvania an shimfiɗa dogo a 1827 don gangaro da kwal daga kan dutse, daga baya jama'a suka riƙa biyan kuɗi ana gangarowa da su don nishaɗi kawai. Ganin haka wani mai suna LaMarcus Thompson ya gina na wasa zalla a Coney Island ta New York a 1884. Kuɗin hawa senti 5 ne, gudunsa kuwa bai wuce mil 6 a awa ba, abin da mai keke zai wuce ba tare da gumi ba. A 1959 aka fara amfani da dogon bututun ƙarfe a Disneyland, wanda ake iya lanƙwasa shi yadda aka so. A 2010 aka buɗe Formula Rossa a Abu Dhabi, wanda ke kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa 5, har sai an ba mahaya tabarau saboda ƙura da ƙwari.

YADDA YAKE GUDU BA INJI

Abin mamaki shi ne yawancin waɗannan jirage ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan jirgin sannu a hankali zuwa ƙololuwar tudun farko, sa'an nan ta sake shi. Daga nan ƙarfin da ƙasa ke jawo kowane abu da shi, shi ke yin sauran aikin. Abin da ke faɗuwa daga sama gudunsa yana ƙaruwa da kimanin kilomita 35 a awa cikin kowace daƙiƙa. Jirgin da ya gangaro daga tudu mai tsawon mita 30 zai iso ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 87 a awa, idan aka cire abin da iska da gugar ƙafafu suka rage. Wannan ragi shi ya sa tilas kowane tudu na gaba ya gaza na farko tsawo, in ba haka ba jirgin ba zai iya haye shi ba.

Wannan ƙara ta ƙas-ƙas-ƙas da ake ji lokacin hawa, wadda ke ƙara wa mahaya fargaba, alhali kuwa ita ce amincinsu: wani haƙorin ƙarfe ne ke kama tsani, don ko sarƙa ta tsinke jirgin ba zai koma da baya ba. Ƙafafun kuma jeri uku ne. Akwai na bisa dogo, akwai na gefe, akwai na ƙarƙashi masu hana jirgin tashi, waɗanda John Miller ya yi wa rajista a 1919.

ABIN DA JIKI KE JI

Idan jirgi ya kai gindin gangara ya juya zai hau, mahayi yakan ji an danne shi a kujera kamar nauyinsa ya ninka sau uku ko huɗu. Idan kuma ya haye ƙololuwar tudu da gudu, sai ya ji kujera ta gudu ta bar shi, kayan cikinsa su yi sama. Daidai abin da yaro ke ji ke nan a kan lilo, sai dai an ninka shi.

A cikin kunnen mutum akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana tsaye ko ya karkata. Idan labarin da kunne ya kai ya saɓa wa abin da ido ya gani, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Ƙwaƙwalwa kuma, da ta ga alamar faɗuwa, sai ta sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya ƙaru, tafin hannu ya jiƙe. Bayan minti biyu jirgi ya tsaya, mutum ya ga ba abin da ya same shi, tsoro ya rikiɗe ya zama dariya. Mai sukuwa a ranar hawan Sallah da mai tseren kwale-kwale a wasan kabanci na Argungu duk sun san wannan daɗi.

INDA HAƊARI YAKE

Jirgin lilo an tsara shi ne ya ba da tsoro ba tare da cutarwa ba, amma wannan alkawari ya dogara ga kula. Ranar 2 ga Yuni 2015, a filin Alton Towers na Ingila, wani jirgi da ba kowa a ciki ya maƙale a kan dogo. Na'ura ta tsai da wasa kamar yadda aka tsara ta, amma ma'aikata suka ɗauka kuskure ta yi, suka sake kunna ta. Jirgi mai ɗauke da mutum 16 ya afka wa wancan, aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa. A 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. A Yuli 2025 kuma, a garin Ɗa'ifa na Saudiyya, wani babban lilon ƙarfe ya karye biyu da mutane a kai, fiye da mutum 20 suka ji rauni.

Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da masu bincike da kayan aiki, to lalle mu sai mu ƙara lura. Injinan da ake kafawa a garuruwanmu da Sallah ko lokacin baje koli, ana kwance su ana ɗaurawa daga wannan gari zuwa wancan, suna shan ƙurar hunturu da ruwan damina. Ƙusa ɗaya da ba a ɗaure ba ta isa ta jawo makoki. Wajibi ne hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi su tabbatar injiniya ya duba kowane inji, ya ba da takarda, kafin a ɗora wa ɗan kowa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ba a shiga Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya yi gyaran ruwa ya ba da izini. Kakanninmu sun san wasa mai haɗari yana bukatar mai tsaron ƙa'ida. Mun kuma ga abin da sakaci ke jawowa a Mayu 2021, lokacin da jirgin ruwa da aka cika wa kaya da mutane ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta. Waɗannan bayin Allah ba su ji tsoro ba lokacin shiga, domin sun saba. Sabo kuwa ba ya hana katako tsagewa.

SHAWARA GA MAI HAWA

Mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mace mai ciki, da mai ciwon baya ko wuya, su haƙura su yi kallo. Idan an sa ma'aunin tsawo a ƙofa, kada uba ya roƙi a bar ɗansa ya wuce, gama ƙarfen da ke riƙe mutum ba zai kama ƙaramin jiki ba. A naɗe babbar riga, a cire hula, mata su ɗaure gyale ko hijabi sosai kada iska ta kai shi cikin ƙafafun jirgi. A ja ƙarfen kujera a ji ya kulle kafin a tashi, a jingina kai, a bar hannu cikin jirgi. Wanda ya ga tsatsa, ko igiya a inda ya kamata a ga ƙusa, ko yaro ƙarami yana riƙe da makunni, ya kama hannun 'ya'yansa ya juya. Kuɗin tikiti da aka yi asara ana mayar da shi, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, amin.