Hoton daji da wayar hannu: yadda ake ɗauka, da dalilin da ya sa ya kamata a adana shi



Duk wanda yake da ɗan uwa a Abijan, ko Kwatano, ko Legas, ko can Aljeriya da Libiya, ya san saƙon da ya fi yawan shigowa idan damana ta zauna. Ba kullum ne zancen kuɗi ba. Sau da yawa cewa ake a turo hoton gona, a turo hoton tabki, a ga yadda gari ya yi kore. Sai a fita da waya a ɗauka, amma abin da ya isa can bai kai abin da ido ya gani ba. Sama ta yi fari fat, gero ya yi duhu, tabkin ya karkace kamar zai zube.

A gefe guda kuma matasanmu sun fara wata al'ada: su haɗu uku ko huɗu, su ɗaura tabarma da sange a bayan moto, su je bakin tabki ko gindin dutse su kwana, don su ɗauki hoton fitowar rana. Abu ne mai kyau idan an san yadda ake yin sa. Shi ya sa yau muka tattaro bayani a kan abu uku: yadda ake samun hoto mai kyau, yadda ake kwana a daji a dawo lafiya, da kuma amfanin hoton bayan an gama kallonsa.

Haske ne gaba da tsadar waya

Mutane da yawa suna ɗora laifi a kan waya, alhali matsalar lokaci ce. Kyamara ba ta da ƙarfin idon mutum. Idonka yana iya ganin hasken sama da abin da ke cikin inuwa a lokaci guda, ita kuwa sai ta zaɓi ɗaya. Da tsakar rana, rana tana bisa kai, rairayi yana mayar da haske, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Duk hoton da aka ɗauka a lokacin zai fito a bushe.

Lokaci biyu ne suka fi dacewa. Na farko daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8 na safe. Na biyu daga wajen ƙarfe 5 na marece zuwa faɗuwar rana. A waɗannan lokuta hasken yana zuwa ta gefe, yana da laushi, inuwar itace tana miƙewa a ƙasa, kowane tudu da kwari yana fitowa fili. Ka sa rana ta kasance a bayanka ko a gefenka. Idan ka fuskance ta kai tsaye, duk abin da ke gabanka zai koma baƙi. Wannan ma yana da kyansa, idan siffar kuka ko giginya kake so a kan jan sama, amma ka yi shi da sani.

Kowane yanayi kuma da irin hotonsa. A damana, bayan an ɗauke ruwa, iska ta wanke ƙura, ana hangen nesa sosai. A kaka ga zangarniya da damman hatsi. A lokacin ɗari, hazo yana rufe abin da ke nesa, saboda haka ka bar neman faɗin fili, ka matsa kusa da itace guda ko rijiya guda. Gawo shi kaɗai darasi ne: yana zubar da ganye da damana, ya yi kore da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe.

Abubuwa shida kafin ka danna

Na farko, goge idon kyamara da tsumma mai laushi. Waya tana kwana a aljihu tare da ƙura da gumi, kuma wannan dusashewar da kake gani a hotuna yawanci daga nan take.

Na biyu, kwantar da wayar. Fili da tabki faɗi gare su, hoton tsaye yana yanke rabinsu.

Na uku, daidaita layin da sama ta haɗu da ƙasa, kada ya karkace. A saitin kyamarar yawancin wayoyi akwai wasu layuka da ke raba fuskar waya gida tara. Ka kunna su. Idan hadari ne ya burge ka, ba sama kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya. Idan gona ce, sai ka juya lissafin.

Na huɗu, nemi wani abu a gaba: rumbu, kwalekwale, dutse, ko turbar shanu da ke jan ido zuwa ciki. Fili tsurarsa ba ya gaya wa mai kallo girman wurin. Shi ya sa dutsen da ka ga ya tokare sama yake fitowa ɗan ƙarami a hoto.

Na biyar, kada ka riƙa jawo hoto da yatsu biyu. A yawancin wayoyi wannan jawowar faɗaɗa abin kawai take yi, hoton ya farfashe. Idan wurin yana matsuwa, taka da ƙafarka.

Na shida, riƙe wayar da hannu biyu, ka manna gwiwar hannu a jikinka, ka taɓa abin da kake so ya fito sarai a fuskar waya, sannan ka danna a hankali. Da dare kuwa, idan wata ko taurari kake so, filasha ba ta da amfani, haskenta ba ya wuce taku kaɗan. Jingina wayar da dutse ko takalmi, ka kunna saitin dare idan tana da shi, kada ka taɓa ta har ta gama.

Ina za a je?

Ba sai an yi doguwar tafiya ba. Mutanen Maraɗi suna da tabkin Madarumfa a kudu da birni, da gulbi da fadamarsa. Mutanen Tawa suna da tabkin Tabalak a kan hanyar Abalak. Mutanen Damagaram suna da duwatsun da ke cikin birnin kansa, da tabkin Gidimuni ta gabas, inda dabino da garake suke kewaye da ruwa. A irin waɗannan wurare ana samun zalɓe da belbela da kirinjijiya, kuma a lokacin sanyi wasu agwagin ruwa suna zuwa tun daga Turai. Shamuwa kuwa ba ta buƙatar tafiya ko kaɗan: da ƙaratowar damana ita da kanta take zuwa ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari.

Ga mai son manyan namun daji, akwai gandun Gadabeji a arewacin jahar Maraɗi, gaba da Dakoro. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take ba kulawa a 2017. A 2018 aka kai raƙuman dawa 8 can daga yankin Kure, tafiyar fiye da kilomita 800, bayan shekaru masu yawa ba a ga ko ɗaya a wurin ba. Irin wannan raƙumin dawa, a duk duniya a Nijar kaɗai ya rage a daji. A 1996 guda 49 kawai aka ƙirga, amma da kulawa sun haura 600.

Dabba ba ta son gaggawa. Ka zauna wuri guda, ka yi shiru, ka sa tufafi marasa ƙyalli, ka bari ta saba da kai. Idan ta daina kiwo ta ɗaga kai tana kallonka, ka matsa da yawa ke nan, sai ka ja baya. Kada a jefi tsuntsaye don su tashi a samu hoto, kada a taɓa sheƙa, kada a bi dabba da moto. Gandun da hukuma ta keɓe kuma ba a shigarsa sai da izinin ma'aikatan gandun daji da ɗan rakiya.

Kwanan daji: a je lafiya, a dawo lafiya

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ku shimfiɗa tabarma, ku je ku gaida mai gari, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku. A halin da ake ciki, baƙin fuska da suka kwana a bayan gari suna ɗaukar hotuna abin tsoro ne ga jama'a, kuma suna da gaskiya. Ku tambaya ko wurin lafiya lau ne. Ba mu manta da harin da aka kai a yankin Kure ranar 9 ga watan Agusta 2020 ba, inda mutum 8 suka rasa rayukansu. Duk inda hukuma ko mutanen gari suka ce kada a je, to kada a je, babu hoton da ya kai rai. Ku shaida wa na gida inda kuka nufa da ranar dawowa, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai.

Wurin kwana ya zama a kan tudu. Kada a kwanta a cikin kwari ko busasshen gulbi da damana, ko da sama tana garau, domin ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya isowa cikin dare. Idan hadari ya taso da tsawa, a bar neman hoto, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili. A ɗaura sange, bakin ruwa gidan sauro ne. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, a riƙe tocila idan za a zaga da dare saboda maciji. Ruwan sha kuma a ɗauki fiye da yadda ake zato.

Wuta ita ce babbar magana. Daga kaka zuwa rani ciyawa ta bushe, garwashi guda yana iya cinye makiyayar da dabbobi masu yawa suke jira. A share wurin dafa shayi har ƙasa, a kashe wutar da ruwa ko a binne ta da rairayi kafin a kwanta. Leda da gwangwani a dawo da su gida, don akuya da saniya suna haɗiyar leda.

Ita ma wayar tana son kulawa. Zafi yana kashe batir, kada a bar ta a rana. A sa ta cikin leda idan iska ta taso. Inda babu rezo, a danna alamar jirgin sama, domin neman rezo yana shanye caji. A tafi da batirin ajiya ko ƙaramin faifan sola.

Akwai abin da ba a ɗauka

Kada a ɗauki hoton sojoji, ko shingen bincike, ko barikin jami'an tsaro. Kada a ɗauki mutum sai da yardarsa, musamman mata a bakin rijiya da yara masu kiwo. Garken mutum ma dukiyarsa ce, a nemi izininsa. Kada a tattake shuka don neman wurin tsayawa. Wurin da mutanen gari suke girmamawa, kamar kaburburan waliyyai da ke kewayen tabkin Madarumfa, a tambaya tukuna.

Hoto shaida ne

Ga dalilin da ya sa muka ce a adana. A garin Galma na jahar Tawa, masu bincike sun ajiye hoton da aka ɗauka daga sama a 1975 kusa da wanda aka ɗauka a 2003. A na farko gonaki kusan tsirara suke. A na biyu itatuwa sun cika su. Irin waɗannan hotuna ne suka taimaka duniya ta yarda cewa manoman Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta hanyar sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona da yi masa gyara maimakon sarewa, sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Manoma sun daɗe da sanin haka, amma gani ya kori ji.

Kai ma kana iya yin irin wannan aiki da wayarka. Zaɓi wuri guda a garinku: bakin tabki, ko tudun rairayin da ke matsowa gonaki, ko kwarin da ke cin hanya kowace shekara. Nemi alamar da ba ta gusawa, kamar dutse ko kusurwar katangar makaranta. Ka tsaya nan, ka fuskanci waje guda, a lokaci guda na yini, sau huɗu a shekara: damana, kaka, ɗari da bazara. Rubuta rana da wata da sunan wurin a littafi.

Bayan shekara biyar za ka ga abin da ido ba ya lura da shi saboda kullum yana kallo. Idan tabki yana cikewa da ƙasa, ko kwari ya kusa cin rijiya, hotunan nan ne za a ajiye gaban magajin gari, ko a tura wa ƙungiyar 'yan gari mazauna waje idan ana neman gudummawa. Wanda aka nuna masa hoto huɗu jere ba ya buƙatar dogon bayani.

Sai dai a kula da ajiya. WhatsApp yana rage ingancin hoto idan an tura shi yadda aka saba. Wanda kake so ya daɗe, tura shi ta wurin da aka rubuta Document, zai isa yadda yake. Ka ajiye kwafi a katin memori, ka tura wani ga ɗan uwa mai wayar da ta fi taka wuri, don waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, ana sace ta.

Ku kuma 'yan uwa da ke nesa, idan an turo muku hoton gida kada ku goge bayan kun kalla. Ku buɗe masa wuri na musamman, ku rubuta shekara. Yaran da aka haifa a can, wata rana da shi za su san inda kukar ƙofar gari take da yadda tabki yake cika.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare matafiya, ya bar zumunci.