Zaɓen Abin Cusawa a Salansar Babur: Misali Daga Bugaje

A Bugaje, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, kusa da iyakar Nijar, babur ne abin hawan yau da kullum, don haka gyaran salansa ba ya yankewa. Wata salansar tana rage ƙara ne da zaren da aka naɗe wa bututunta mai ƙananan ƙofofi. Zaren na ƙonewa, ƙara sai ta dawo. Audugar gilashi ta fi shanye ƙara, amma zafi yana cinye ta. Soson ƙarfe marar tsatsa ya fi jure zafi, sai dai bai kai ta kashe ƙara ba. Saboda haka ake fara naɗa soson, sannan audugar a bisansa, ba tare da an danne ta ƙwarai ba. Soson wanke tukunya kuwa, in ba na ƙarfe marar tsatsa ba ne, tsatsa yake yi, ya ruɓe.