Ƴanci iri biyu a bakin Gulbin Maraɗi

Mutanen Safo da na sauran garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi ba su jira Taron Ƙasa na 1991 ba kafin su san gardamar ƴanci. Kakanninsu sun yi ta da kwari da baka, shekara ɗari biyu da suka wuce.

A 1804, shekarar da bayin Haiti suka kammala ƙwatar kansu daga Faransa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaƙi ya tashi tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa. Ƙarar da Shehu ya kai sarakunan Hausa tana nan rubuce cikin Kitabul Farƙ: jangali, kuɗin gari, gaisuwa, ƙwace dukiyar talaka, da hawa gadon mulki da ƙarfi ba da shawarar jama'a ba. A ganinsa sarki ma yana ƙarƙashin shari'a. Wannan magana ba ƙarama ba ce a wancan zamani, shi ya sa talakawa da yawa suka bi tuta.

Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ummarun Dallaje ya karɓi mulki. Ɗan Kasawa, magajin tsohuwar sarauta, ya nemi mafaka a Damagaram. Amma Annan da ke dazuzzukan Gulbi ba su ga ƴancin da aka yi alkawari ba. Abin da suka gani shi ne wakilin sabbin masu mulki, Mani, da nauyin da ya ɗora masu. Suka tashi suka kashe shi, suka kira Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarautar Katsina ta Maraɗi wajen 1819.

Abin lura a nan shi ne, talakawa ne suka kirawo sarki. Ƴancin da suke nufi shi ne a bar masu gonakinsu da al'adunsu na gado. Sarkin da suka samu kuwa ba sakakke ba ne: Ƙaura, Galadima, Durbi da Ƴandaka, wato rukuni, su ke naɗa shi, kuma suna iya tuɓe shi.

An biya wannan zaɓi da jini. A Gawakuke, cikin 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Maraɗi da Gobir, Sarki Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama. Duk da haka Maraɗi ba ta miƙa wuya ba, kuma a zamanin Ɗan Baskore mayaƙanta suka dinga kai hari har bakin ganuwar Katsina.

Sai dai duk ɓangarorin biyu, mai kiran shari'a da mai kiran gado, suna komowa daga hari da mutane ɗaure a igiya. Waɗannan bayi su suka yi noma a rinjin Sakkwato da gandun Maraɗi, ba kuma wanda ya tambaye su irin ƴancin da suke so.